Inna a Gidan Mutane

Ƙanena shekararsa arba'in da uku a duniya, kuma har yau bai mallaki cokali ba. Ba wasa nake yi ba. Ku je ku zazzage kayansa, akwati biyu ne da jakar rataye kwat, babu kofi, babu tsintsiya, babu ko bokitin wanka. Shi kuwa abin alfahari ne a wurinsa. In ya samu masu sauraro sai ya harɗe ƙafa ya ce, "Ni fa ba na tara tarkace. In na ga dama gobe in tashi, minti ashirin ya ishe ni." Ni dai ban taɓa jin inda aka yaba wa magidanci don ya iya barin gida da sauri ba, amma shi haka yake faɗa yana shafa haɓa.

Darakta ake ce masa. 'Yan unguwa ne suka laƙaba masa tun yana sakandare, lokacin da ya tsinci wata tsohuwar jakar ofis yana yawo da ita, ba komai a ciki sai biro ɗaya. Tsokana ce, amma bawan Allah ya karɓa hannu bibbiyu, har yau bai gane ba. Aikinsa na gaskiya, tikitin jirgi yake sayarwa a wani kamfani, teburinsa na uku daga bakin ƙofa. Inna kaɗai ce ba ta taɓa kiransa Darakta ba. Ita Auta take ce masa, don shi ne na ƙarshe. Ni ce babba, tela ce ni, kuma tun da mijina ya rasu na koma gidanmu ina zaune da ita.

Tun yana yaro ya tsani ɗakin Inna. Gadon ƙarfe ne mai ƙara, da kabad ɗin da ƙofarsa ɗaya ba ta rufuwa sai an ɗaure da ƙyalle, da rediyon marigayi Baba, da agogon bango da ya tsaya tun ina budurwa. Akwai 'yar kujerarta ta katako wadda zama ya sa ta yi santsi, da ƙusar da take rataye carbi, da gwangwanayen madara cike da maɓallai da allurai. Ba abin da ya dace da ɗan'uwansa a ɗakin, amma kowane abu ya san wurinsa. In abokan Darakta suka rako shi daga makaranta, a bakin kantin magani yake tsayar da su, ya ce su jira shi a nan, wai karenmu yana cizo. Mu da ba mu taɓa kiwon ko kyanwa ba!

Albashinsa na farko da ya yi ɗan kauri, sai ya tattara ya koma unguwar masu hali, can inda titi ke da bishiyoyi a jere kuma ba ka jin kukan yaro. Dogayen benaye ne, kowane hawa an yanka shi gida-gida, ana ba da haya da komai a ciki: gado, kujeru, firji, tukwane, har tawul. Kai dai ka zo da jikinka. A shekara goma sha biyu ya zauna a irin waɗannan gidaje har bakwai, kuma wallahi in aka rufe min ido aka ajiye ni a ɗaya ba zan iya cewa wanne ne ba. Farin bango, kujeru ruwan toka, hoton jirgin ruwa, furen roba a kusurwa. Ranar da na fara zuwa na ɗauki tuffa a kwanon gilashin da ke kan tebur, na kai baki, ashe ita ma roba ce. Littattafan da ke kan kanta kuwa bango ne kawai, ciki fayau.

Zaman da yake yi a ciki shi ne abin kallo. Ranar da ya tare, kafin ya ajiye akwati, sai ya bi ɗaki-ɗaki da waya yana ɗaukar hoto, don ya riƙa mayar da kowane abu daidai inda ya same shi. Akwai takardar da manajan ginin yake ba su mai jerin kayan gidan, ita ce yake karantawa kamar wasiƙar masoyiya. Ba ya girki, kada tukunya ta yi baƙi. Abinci a roba yake sayowa ya ci a tsaye a kicin, ya sunkuya a kan wurin wanke-wanke. In ka zauna a kujera ka tashi, yana bayanka yana bubbuga filo. Ya taɓa aure, yarinya mai hankali, ta yi shekara ɗaya da rabi. Laifinta ta buga ƙusa a bango ta rataye hotonsu. Ya wuni yana cusa man goge baki a ramin ƙusar yana mita, ita kuma ta wuni tana kallonsa, washegari ta kira yayanta ya zo ya ɗauke ta. Da na yi masa faɗa sai ya ce, "Yaya, ba ki san dokar irin waɗannan wurare ba ne." Na ce Allah ya bar ni da jahilcina.

Duk wannan da sauƙi, kansa yake yi wa. Inda abin ya taɓa ni shi ne da ya haɗa da Inna.

Shekara uku ke nan mantuwa ta kama ta. Ta manta ranaku, ta manta wa ya mutu wa ke raye, wani lokaci ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga aiki. Amma a ɗakinta ba ta ɓata. Hannunta ya san hanya ko da kanta bai sani ba: ta dafa ƙarfen gado ta miƙe, ta yi taku uku ta sami kujerarta, ta miƙa hannu ta sami carbi. A nan take cin abincinta, ta sha magani, ta yi barci lafiya lau. Sai ran nan santsi ya kwashe ta a bakin famfo, ƙugu ya bugu. Likita ya ce ba karaya, amma sai an riƙa kai ta gashin ƙashi da motsa jiki kullum har mako uku. Asibitin kuwa yana bayan ginin da Darakta yake haya, mu kuma mota biyu ce tsakaninmu da shi.

"Ku dawo wurina," in ji shi. "Akwai lifta, akwai esi, wuta ba ta ɗaukewa. Inna ta ɗan ji daɗin duniya ita ma."

Na yarda, kuma wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Na rufe shago, na kulle gida. Ya ce in ba shi makulli, zai sa a gyara rufin da ke yoyo tunda ba kowa. Har na ji daɗi, na ce yaro ya fara hankali. Na ɗauko 'yar kujerar Inna zan sa a mota, ya tare ni.

"Haba Yaya, don girman Allah. Ta gaban maigadi za mu wuce fa."

"Maigadin ne zai zauna a kai?"

"Kujeru sun yi yawa a can. Bar ta."

Na bar ta. Muka isa, maigadi ya sara masa, ya wani ɗaga masa yatsa biyu ba tare da ya dube shi ba. Lifta ta kai mu hawa na tara, Inna ta riƙe hannuna gam tana salati. Ya sa kati ya buɗe ƙofa ya yi gefe yana murmushi, yana jiran a yaba. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama. Shiru. Ta sake yi, ta kuma yi ta uku. Sannan ta cire takalmi ta jera su a waje, ta shiga a hankali, ta ɗosana a bakin kujera, jakarta a kan cinya.

"Masu gidan sun fita ne?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Inna, gidana ne ai."

Ta dubi hoton jirgin ruwa, ta dubi furen roba, ta dubi littattafai. Ta daɗe tana dubawa, kamar mai neman fuskar da ta sani a tasha. Sai ta yi 'yar dariya.

"Gidanka? To ina kayanka?"

Ya juya ya shiga gyara filon kujera.

"Auta, ka daina irin wannan wasa a gidan mutane," in ji ta. "Zauna ka natsu har su dawo."

Na yi dariya a ranar har da riƙe ciki. Ban san abin da ke tafe ba.

Ku fahimci irin matar da Inna take. A rayuwarta ba ta taɓa buɗe tukunyar wata ba. Ba ta cin abinci a gidan da mai gidan bai ce mata bisimilla ba, ko da yunwa za ta kayar da ita. Gadon wasu kuwa, ko zama ba ta yi a kai, balle kwanciya. Mantuwa ta kwashe sunaye da shekaru, amma wannan ta bar mata shi daram. Na dafa shinkafa na kawo, ta ture da bayan hannu ta ce, "Ke, da izinin wa kika shiga kicin ɗinsu? Haka na koya miki?" Na nuna mata gado, ta ce Allah ya kiyaye. A kujerar nan take kwana a zaune, da safe in tarar da ita yadda na bar ta, jaka a cinya, ƙafafu sun kumbura sun yi sumul. Ko banɗaki sai ta matsu ainun take shiga, ta fito tana goge inda ta taka.

Abin da ke shiga cikinta bai wuce ɗan burodi da shayin da nake lallaɓa ta ta sha a bencin asibiti ba, don can ta san wurin kowa ne. Maganinta kuwa sau uku ne, kuma ba a shansa da yunwa. Kwana huɗu, zanin da take ɗaurawa ya fara zagaye ta har da saura. Likita ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Me kuke ba tsohuwar nan? In ta ci gaba a haka, ƙugun ba shi ne zai zama matsalarku ba." Na gaya wa Darakta. Ya ce sabon wuri ne, za ta saba, ya ƙara sanyin esi.

Rana ta biyar da hantsi, muna zaune, sai ƙofa ta buɗe ba ƙwanƙwasawa. Mai shara ce, wadda ginin yake turowa sau biyu a mako. Mace ce mai jiki, za ta yi hamsin, da rigar aiki shuɗiya da katinta a wuya. Ta gaishe mu a gurguje ta wuce kai tsaye. Ta buɗe kabad ta ciro zannuwan gado, ta yaye na kai ta shimfiɗa sabo, ta shiga kicin ta mayar da tukunyar da na ajiye ba a wurinta ba, ta zuge labule. Ba ta tambayi kowa ina kaza yake ba. Inna tana binta da ido. Can sai na ga ta dafa hannun kujera tana ƙoƙarin miƙewa, ta gyara mayafi, ta rusuna iya yadda ƙugu ya bar ta.

"Sannunku da dawowa. Mun zo ba ku nan, mun yi muku zaune a gida. Ku yi haƙuri da mu."

Matar ta tsaya da tsumma a hannu, ta dube ni. Na ƙifta mata ido, na haɗa hannuwa biyu ina roƙonta daga bayan Inna. Allah ya yi wa matar nan albarka duk inda take. Ta ajiye tsumma ta kama hannun Inna ta zaunar da ita.

"Lale, lale, Mama! Ai ni ce da ban haƙuri, aiki ne ya riƙe ni. An ba ku abinci kuwa?"

"A'a, alhamdu lillahi, a ƙoshe muke."

"Wane irin a ƙoshe? A gidana? So kuke a yi da ni a gari?"

Ta shiga kicin ta zubo shinkafar da na dafa tun safe, ta kawo da hannunta, ta zauna a gefe tana yi mata hira. Inna ta cinye tas, ta sha magani, ta sha ruwa kofi biyu. Matar ta kai ta ɗaki ta bubbuga katifa ta ce, "Nan ne wurinku, don ku na shimfiɗa." Kafin ta gama goge tagogi Inna ta yi barci har da minshari. Ni kuwa na shige kicin na toshe baki da mayafi na yi kuka mai isata.

Muka yi shawara da ita. Tunda kullum tana cikin ginin, hawa-hawa take bi, za ta riƙa leƙowa da rana, ta sake leƙowa kafin ta tashi. Na ce me zan ba ta, ta ce, "Ni ma ina da tsohuwa a gida." Kwana shida aka yi haka. Kumburin ƙafa ya saɓe, Inna ta fara taka falo da sanda, har tana ba matar labarin yadda Baba ya sayo rediyonsa. Darakta bai sani ba, don ba ya dawowa sai yamma, ni kuma ban ga dalilin gaya masa ba. Da ya ga tana ci sai ya ce, "Ban gaya miki za ta saba ba? Wuri mai kyau ai magani ne."

Rana ta bakwai sai ga shi da azahar, tare da ogansa na ofis. Wai ogan ya ji Inna ba lafiya ya ce zai zo dubiya, shi kuma ya samu hanyar nuna masa hawa na tara. Suka shigo yana ta bayani, ga wurin ninkaya can ƙasa, ga inda ake motsa jiki. Mai shara tana zaune kusa da Inna da faranti a hannu, bokitinta a gefe. Inna ta washe baki.

"Yauwa, ga ɗana. Auta, zo ka gaida uwar ɗakinmu. Ita ta ba mu masauki, ni da yarana, ba ta san mu ba ba ta san asalinmu ba. Durƙusa mana, ka tsaya ƙiƙam kamar ba a koya maka ba!"

Ogan mutumin kirki ne, ya gane nan take. Ya cire hula ya gaida Inna, ya juya ya gaida mai shara da girmamawa, ya ce Allah ya saka mata. Amma fuskar Darakta, wayyo! Kamar an watsa masa ruwan wanke-wanke. Ya yi murmushin da bai wuce haƙora ba, ya raka ogansa, daga can bai dawo sama ba sai da ya biya ofishin manaja.

Washegari wani saurayi ne ya zo shara, da abin jin waƙa a kunne. Na tambaye shi, ya ce an mayar da matar wani ginin kamfanin, can wata unguwa, wai wani ɗan haya ya kai ƙara tana zama a kujerun baƙi. Na jira Darakta ya dawo, na tare shi a kicin, na rufe ƙofa.

"Kai ka sa aka ɗauke ta?"

"Yaya, a gaban ogana fa! A ce mai shara ce ta ba ni masauki? Ni?"

"To wa ya ba ka? Gidan ubanka ne?"

"Ni nake biyan haya a nan."

"Uwarka ta ci abinci kwana shida. Ka san haka, ko ba ka sani ba?"

"Sai a samo wata dabara. Amma ba wannan ba, akwai mutunci."

Mutunci! Na dube shi daga sama har ƙasa, mutumin da ke cin abinci a tsaye don tsoron faranti, wai shi ne mai mutunci. Na ce tir, Allah wadaran wannan hali. Da ba don Inna na falo ba, da maƙwabtansa masu tsada sun ji muryata har hawa na ɗaya.

Inna ta koma bakin kujera, jaka a cinya. Wannan karon abin ya fi muni, don ta sa a ranta mun yi wa matar laifi ne shi ya sa ta ƙaurace wa gidanta. "Mun yi mata yawa," take cewa. "Ke ce da shiga kicin." Ko burodin asibiti ta daina karɓa sosai. Kwana biyu na ce ya isa, gashin ƙashi ya sha zamansa, gida za mu. Na ce ya ba ni makulli. Ya yi ta 'yan kame-kame, wai mu ƙara kwana uku, wai akwai abin da yake so ya nuna mana da kansa. Na miƙa hannu ban sauke ba har ya ciro ya ba ni.

A mota Inna har waƙa take yi ƙasa-ƙasa, da na ce mata gida za mu. Ta gane kantin magani, ta gane famfon tsakar gida, ta ce a bi a hankali nan ne ta faɗi. Na tura ƙofar ɗakinta, warin fenti ya buge ni.

Farin bango. Tayil a ƙasa mai sheƙi. Gado na katako mai faɗi da filo shida, kujera ruwan toka, labule har ƙasa, furen roba a kusurwa. Har da hoto a bango, wannan karon na dutse da ƙanƙara. Ba gadon ƙarfe, ba kabad, ba rediyo, ba kujerar katako. Ƙusar carbi ma an cire an shafe ramin. Rufin da ya karɓi makulli dominsa kuwa yana nan yana yoyonsa a ɗakina.

Na kira Darakta a waya. Muryarsa fes, yana jiran godiya.

"Kin gani? Na so in kasance a wurin in ga fuskarta. Shekara nawa tana cikin wannan tarkace, ai abin kunya ne a ce ina da rai."

"Ina kayanta?"

"Masu sayen tsofaffin kaya sun kwashe tun makon farko. Wallahi Yaya sai da na roƙe su ma kafin su ɗauki kabad ɗin."

Na kashe wayar, don abin da ya zo bakina ba na faɗa wa ɗan'uwa ba ne. Na juyo, Inna tana bakin ƙofar ɗakin da ta yi shekara hamsin a ciki, ta cire takalmi, tana sallama.

Washegari na bar ta da maƙwabciya na bi kasuwar tsofaffin kaya rumfa-rumfa. Na samu wanda ya saya. Ya ce gadon an yanka an auna da sauran ƙarafa, kabad an farfasa, rediyo wani ya ɗauka bai san ko waye ba. Kujerar katako ma bai tuna ta ba. Na dawo hannu rabbana. Na gwada kai Inna ɗakina, ta ce ba ta kwana a ɗakin 'ya, ta koma can ta ɗosana. Na roƙi maƙwabciya ta yi mana abin da mai shara ta yi, Inna ta ce, "Ke kuma yaushe kika yi gida a nan?" Ta san ta sarai. Kwana biyu ruwa kawai take kurɓa, idanunta suka faɗa, in ta yi magana sai na kai kunne.

Rana ta uku da yamma ya zo, daga ofis, da kwat da katin aiki a wuya. Bai yi sallama ba, ya shigo yana dube-dube. Ya ja labule ya daidaita, ya juya furen roba ya fuskanci ƙofa, ya shafa bango da yatsa ya duba, ya bubbuga filo ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe sabon kabad ya rufe. Ina tsaye da faranti a hannu, na ga Inna tana binsa da ido. Sai ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar, ta gyara mayafi, ta rusuna.

"Sannunku da zuwa, Yallaɓai. Mun yi muku zaune a gida."

Ya juyo yana dariya. "Inna, ni ne fa."

"Allah ya ƙara arziki. Gida ya yi kyau. Ba za mu daɗe ba, da na ji sauƙi za mu koma."

"Inna, Auta ne. Dube ni."

Ta dube shi da ladabi, irin kallon da ake yi wa babban mutum, ta sunkuyar da kai. Dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya dube ni kamar ni zan gyara masa. Na dangwara masa farantin a hannu na ce a hankali, "Ka ce ta ci."

"Yaya..."

"Ka ce ta ci, ko in fasa maka shi a ka."

Ya durƙusa a gabanta da kwat ɗinsa, ya ajiye farantin. Sannan ya ce, "Bisimilla, Mama. Ku ci abinci. Nan gidanku ne."

"Mun gode, mun gode. Allah ya saka da alheri." Ta wanke hannu ta fara ci.

Wata biyar ke nan. Kullum sau biyu yake zuwa, da rana lokacin hutun ofis da kuma yamma, ya ratso gari daga unguwar masu bishiyoyi, don in bai zo ya ce bisimilla ba ba ta ci, in bai bubbuga katifa ba ba ta kwanciya. Bai taɓa fashi ba, wannan zan faɗa masa. Ban yafe masa ba, wannan ma zan faɗa. Ni har yanzu ta san ni. Shi kuwa tun ranar ba ta sake ce masa Auta ba.

Jiya tana cikin ci ta ɗago ta ce, "Yallaɓai, in ba za ku ce na cika roƙo ba."

"Faɗi, Mama."

"Ina da yaro, autana. Yaron kirki ne, sai dai bai samu wurin zama ba, yana ta raɓe-raɓe a gidajen mutane. Ko ɗan ƙaramin ɗaki ne, in kuna da shi, ku taimaka masa."

Ya dubi tayil. Sannan ya ce, "To, Mama, za a duba."

Ta yi masa addu'a mai tsawo, ya ce amin. Ya ɗauki farantin ya fita da shi tsakar gida, na ji ya buɗe famfo, ruwa yana ta zuba ba a tare shi da komai ba.